Ban Ce Alƙalin Ya Ci Hanci Ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya dakatar da alƙalin da ya saurari ƙarata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Sunana Isiyaku. Na daɗe ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa kafin a sallame ni. Na kai ƙara, kuma wannan alƙali shi ya ba kamfani gaskiya. Ba ni da dalilin goya masa baya.

Na farko: da wani rikicin siyasa ya taso, alƙalin ya yanke hukuncin da bai yi wa manya daɗi ba, sai kuka aiko a kira ni. Na zo da murna, ina zaton maganata za a sake dubawa. Da bakinku kuka ce gaskiya kawai ake nema. Aka tambaye ni ko kamfani ya saye shi, na ce ban ga alama ba. Na faɗa muku ranar da nake ba da shaida lauyan kamfani ya yi ta katse ni, alƙalin ne ya tsawatar masa, ya jira har na gama. Ya kuma bayyana min da Hausa cewa barin aiki ba izini, lokacin jinyar mahaifiyata, shi ya kayar da ni. Abin ya yi min ciwo, amma an saurare ni.

Na biyu: bayan 'yan kwanaki, a rediyon mai shayin bakin kamfani, na ji an ce korarren ma'aikacin Challawa ya tabbatar wa kwamiti alƙalin ya ci hanci. Tsofaffin abokan aikina suka yi ta miƙo min hannu, wai na rama. Na ajiye shayin, na tashi.

Na uku: na samu labari shi ba ku ko kira shi ba. Mutumin da ya zauna ya saurari lebura irina, an raba shi da kujerarsa ba a ji ta bakinsa ba, kuma da sunana.

Ina roƙo ku ƙaryata wannan magana a rediyon da aka faɗe ta. Ku kira shi ya kare kansa. In da laifi, ku kawo shaidarku ta gaskiya. Aikina ya tafi, na haƙura, amma ba zan tashi gaban Allah da shaidar zur da ban bayar ba.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.
Isiyaku Garba, Na'ibawa