Haƙoran Roba da Tabarmar Ciyayya

Ana sanar da jama'a cewa a wannan makon filinmu ya jingine rikicin gado da na surukai, saboda wata babbar shari'a da ta taso daga Karare ta ƙasar Batsari, tsakanin wani dattijo da ƙuli-ƙuli. Ga takardarsa yadda ta iso.

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sakaya sunana.

Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya na dawo gida Karare ina noman gero da gyaɗa. Haƙorana sun daɗe suna zubewa. Turame suka fara, na gaba suka bi su, na ƙarshe ya fita bara ina cin gasasshiyar masara. Yanzu dasashi kaɗai ya rage. Goro dai ina goga shi a magogi, wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni ciyayya ce. A unguwarmu kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gidan maƙwabcina Gagare, a shimfiɗa tabarma a ci tare. Tun muna samari muke haka. Ko da rashin tsaro ya sa aka dawo da cin tuwon kafin magariba, ba mu fasa ba. To yanzu kafin in gama da loma ɗaya an kai ƙasan kwano. In aka kawo kwaɗon zogale da ɓarzajjen ƙuli-ƙuli, sai in yi ta juya shi a baki. Ranar nan wata tsoka ta ƙi taunuwa, na rasa yadda zan yi da ita, na faki ido na jefa ta aljihu. Tun daga ranar ban sake fita ba. Mai ɗakina Marka takan sassauta mini tuwo in ci a ɗaki. Ina aika kwanona, har aka fara dawo da shi ba a taɓa ba. Na ji Gagare na cewa wai tun da ɗana Mannir ya samu aiki a Katsina na fi ƙarfin tuwon dawa. Yanzu daga nesa muke gaisawa.

Mannir ya ce in zo a sa mini haƙoran roba, sama da ƙasa. Sau ɗaya na taɓa ganinsu, wani direba a tashar Batsari ya zare nasa ya ɗauraye ya mayar, na tsaya ina kallo har motar da zan shiga ta kusa tashi. Shin Malam, da me ake yinsu? Marka ta ce haƙoran matattu ne. Me ke riƙe su? Ba su faɗowa a sujada, ko in mutum ya yi atishawa? Ana jin ɗanɗanon miya? Kuma in na fito da fararen haƙora reras, ba zan tabbatar wa Gagare zarginsa ba?

Naka, Mai Ci a Ɗaki.

Wa alaikumus salam, Baba. Na sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa. Sai dai ka ambaci garinku, da aikinka, da matarka, da ɗanka, da maƙwabcinka. Ina jin ko awakin Karare sun gane ka.

Ka kwantar wa Inna Marka da hankali, ba a tono kowa ba. Da wata roba mai tauri ake yinsu. Likitan haƙori zai ɗauki awon dasashinka, a ƙera su daidai bakinka, shi ya sa ba a aronsu, ba a kuma sayensu a tire a kasuwa. Na sama yakan kama ganɗa ya zauna sosai. Na ƙasa ya fi rawa, sai harshe da kumatu sun koyi riƙe shi. In awon ya yi kyau, sujada ba ta kayar da su. Atishawa kuwa ban ɗaukar maka alkawari ba, ka riƙa tare baki da hannu, wanda dama ladabi ne. Ɗanɗano yakan ɗan ragu da farko, tunda an rufe ganɗa, amma harshe na nan, za ka gane ranar da aka manta daddawa.

Ga abin da mai yiwuwa Mannir bai faɗa maka ba. Makonnin farko akwai ciwon dasashi, da yawan yawu, kuma maganarka za ta ɗan canza. Za ka koma asibiti a rage inda ke gurzarka, ba sau ɗaya ba, ga hanya yadda take. Da dare a cire su, a wanke, a jiƙa a ruwa mai tsabta, ban da ruwan zafi. Dasashi na motsewa da shekaru, wata rana sai an sake gyara su. Tuwo, dambu da nama mai laushi za su dawo hannunka. Rake da ƙashi kam ka yafe su. Ƙuli-ƙuli a daka shi lukui. Akwai waɗanda ake dasawa a ƙashin muƙamuƙi, sun fi ƙarfi, sun fi tsada nesa, likita ne zai ce ko sun dace da kai. A ganina ka je. Tauna lafiya ce, ba ƙawa ba.

Gagare kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana sa hannu a kwano ɗaya da kai, ka ɓace ba bayani, dole ya nemo dalili da kansa, kuma wanda ya nemo ya fi na gaskiya muni.

Da na fara amsar nan, niyyata in ce ka sa haƙoran tukuna sannan ka koma tabarma da mutuncinka. Na yi kuskure. In ka yi haka, lallai Gagare zai ce kuɗin Katsina ne suka fito yawo. Ka koma yau, da bakinka yadda yake, ka faɗa masa zancen tsokar aljihu. Zai yi dariya, ka bar shi ya yi. Ranar zuwa asibiti kuma ka ce shi zai raka ka.

Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya sa a daina dawo da kwanonka.