Romon da Lalla ta yarda ta sha

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci.

Daga Arlit nake rubutu. Wata biyu ke nan yayar mijina ta sauka gidanmu daga jejin Dannet, fari ya cinye garkensu, hanyoyi kuma ba tsaro. Ta zo da 'yarta mai shekara biyar, zan kira ta Lalla, da akuya ɗaya da ta rage, wadda nononta ya raini yarinyar. Akuyar ta daina ba da nono, Lalla ta daina cin abinci. Na dafa shinkafa, ta kau da kai. Na yi makaroni, ta ce tsutsa ce. Na dama madarar gari, ta sansana ta ture kofin. Mijina, da aka sallama daga aikin ma'adinai, sai ya ce, "Ki rabu da ita, yunwa za ta koya mata." Amma yaya zan rabu da yarinyar da wuyanta ya koma kamar sillen kara, a gidana, a kan tabarmata?

Ranar da uwar ta kai Lalla likita, akuyar ta faɗi a tsakar gida, don kwali kawai take ci. Na ga ba za ta tashi ba. Na kira mahauci ya yanka ta. Da suka dawo na ce, "Yaya, na ba wani makiyayi ita, ya kai ta inda akwai ciyawa." Ta riƙe hannuna tana sa mani albarka. Kunya ta kusa kashe ni.

Na yi romo, na miƙa wa Lalla ba tare da sa rai ba. Wallahi ta shanye, ta lashe cokali, ta ce, "Tanti, ƙara," don haka take kirana. Na shiga ɗaki na yi kuka. Sauran naman na shanya a kan rufin maƙwabciya, kullum ina jefa tsoka ɗaya a tukunya. Kumatunta sun fara dawowa. Na gwada naman kasuwa, ta gane, ta ƙi.

Abin da ya fi cina shi ne, duk dabinon da aka ba ta sai ta ƙulle rabi a bakin zanenta. "Na akuyata ne, Tanti, in ta dawo." Uwar kuma ta fara cewa in ruwa ya sauka za su karɓo ta su koma, da ita za su sake kafa garke.

Tsoka uku suka rage. In na faɗi gaskiya, Lalla za ta sake karɓar loma daga hannuna? In na yi shiru, ranar Juma'a tukunya ba komai. Jama'a, me zan yi?