Kilo bakwai na Dogo

Zuwa ga ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayanki. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah Ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini gardama duk safiya. Surukarki matar Dogo ta kusa sauka, ki riƙa sa ta a addu'a.

Bara wani mahauci da ya kawo mini gyaran sikeli ya ce wai yanzu ana tseren keke ba tare da an fita daga ɗaki ba, kuma wai har maguɗi ake yi a ciki. Na yi dariya, na ce mutumin da bai motsa daga inda yake ba, ta ina zai yanke hanya? Ashe ɗanki Dogo yana cikinsu. Na je gidansa na gani da idona. Keke ne an cire masa tayar baya, an ɗaure shi a kan wani ƙarfe a tsakiyar falo, ga fanka a gaba, ga tawul a ƙasa saboda gumi. Yana tuƙi, wani ɗan hotonsa a talabijin yana hawan tudu tare da mutanen wasu ƙasashe. Har ni ya ɗora. Minti biyu na yi, hotona ya tsaya a gindin tudu kamar mai jiran mota, matarsa tana dariya har da riƙe ƙofa.

Da na yi ta tambaya, sai ya bayyana mini cewa na'urar tana auna ƙarfin ƙafa, amma nauyin jiki mutum ne ke rubutawa da hannunsa. Wanda ya fi rashin nauyi ya fi saurin hawan tudu. To, Dogonki kilo saba'in da biyar ne, ya rubuta sittin da takwas. Da waɗannan kilo bakwai da ya ɓoye ya kai zagayen ƙarshe, sai masu gasar suka ce kowa ya aiko bidiyonsa a kan sikeli, kuma ya fara ɗora dutsen awo na kilo ashirin don a ga sikelin na faɗin gaskiya.

Wata ranar Talata ya shigo shagona da sikelinsa a hammata, yana ta kirana Kawu Kawu da muryar da kika sani. Ya ce yana so in gyara shi yadda zai yi gaskiya a kan dutse, ya yi sassauci a kan mutum. Ya ce rabin masu tseren haka suke yi, wasu ma na'urar ƙafar suke ruɗawa, kuma shekara biyu yana zubar da gumi. Ba zan ɓoye miki ba, aikin yana yiwuwa, na kuma san inda ake taɓawa a jikin sifirin, domin shekara arba'in ina kama irinsa a sikelin 'yan kasuwa. Don son sanin ko hannuna zai iya, har na buɗe bayan sikelin. Sai na ga tambarin shagona da na manna a jikinsa lokacin da na ba Dogo shi kyauta. Na mayar da murfin, na ce ya cire takalmi ya hau nawa. Allura ta tsaya a saba'in da shida. Na ce masa ga shi har ya yi ribar ɗaya.

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki kayansa ya fita. Ya aika wa masu gasar bidiyo na gaskiya, suka soke nasarorinsa, suka dakatar da shi wata uku. Tun daga nan ya daina biyowa ta layinmu, in na kira waya sai matarsa ta ɗauka ta ce yana wanka. Mutum ɗaya wanka sau huɗu a yini! Abin ya dame ni ƙwarai, domin a hannuna ya girma, kuma na ji tsoron za a haifi jikanki ina jin labari a bakin maƙwabta. Shi ya sa na so ki ji daga gare ni kafin a kawo miki wani iri.

Makon jiya aka fara ce mini wata ukun sun cika, ya koma tsere da nauyinsa na gaskiya, ya zo na arba'in da ɗaya. Telan da ke gefena ya fara faɗa mini, sannan surukarki. Na ƙarshen da ya gaya mini shi ne Dogo da bakinsa, jiya da hantsi, yana tsaye a kan sikelina ba takalmi, yana tambaya ko zan riƙe masa waya in ɗauki bidiyon.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Auta, da malamar makarantarku sabuwar amarya. Yayarki uwargidana tana gaishe ki, ta ce ki daina tsayuwa da yawa.

Naki har kullum,
Yayanki mai gyaran sikeli