A Buɗe wa Kawu Eulogio Ƙofa

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jikin Kaka? Ya Nilda?

Mun ɗauki kofin matasa! Yaran Turawan da ke ce mana "maciya rogo", jiya kuka suka sha. Ƙafata ta ɗan kumbura, takalmi ba ya shiga, amma ba komai.

Nilda ta tsegunta min a waya. Wai don Kawu Eulogio yana ba kaji hatsi sanda muka ci ƙwallonmu na farko a gasar, duk wasa sai ku kore shi daga gaban rediyo: "Koma wajen kajinka, kar ka karya mana sa'a!" Haba Mama, mutumin da ya koya min ƙwallo!

An gama gasa, ku bar shi ya shigo. Lambar zinariyar da aka ba ni tasa ce.

Allah ya bar min ke.

Ɗanki,
Anselmo