Ɗigon Haske a Cinyar Ɓera

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana su. Mu ma nan lafiya lau, sai dai Baba da har yanzu yake rigima da tabaransa, wai gilashin ne ya tsufa, ba idonsa ba.

Wasiƙarki ta iso. Can ƙasan takarda, bayan dogon labarin ɗinkin labule, kika saka cewa kin ji wani ɗan kullutu a ƙirjinki, amma ba ya ciwo, za ki bari sai kin sami sarari. Yaya, na san halinki. Abin da ya fi damun ki shi kike turawa layin ƙarshe. Bari in ba ki labarin aikin nan nawa da kike kira kiwon ɓeraye, sannan mu dawo kan wannan.

Ƙari irin na ciwon daji idan ya fara girma, cikinsa yakan rasa iskar oksijin, kuma irin wannan ne ke yi wa magani taurin kai. Shekara uku muna haɗa wani sinadari da zai bi jini shiru, sai ya isa inda iska ta yi ƙaranci sannan ya yi haske. Ranar Talata na yi wa wani ɓera mai ƙari a cinya allurarsa, na sa shi cikin akwatin ɗaukar hoto mai duhu. Garin zumuɗi, ko minti goma ba a yi ba na danna maɓallin ɗaukar hoton. Hanta ta haska fes, cinya kuwa babu komai. Na zauna ina hawaye. Dattijon da ke kula mana da ɓerayen ya leƙo, ya ce in bar jikin dabbar ya fitar da rarar sinadarin tukuna, in tafi in sha shayi. Bayan awa biyu hasken hantar ya dusashe, sai ga ɗigo ɗaya kore shar a cinya, daidai inda ƙarin yake. Da ƙyar yatsa ke jin sa, amma ga shi ya kasa ɓuya.

A lokacin sai na tuna da Inna. Ita ma cewa ta yi nata kullutun ba ya ciwo, muka biye mata har wata takwas. Ba zan yaudare ki ba, sinadarin nan da sauran shekaru kafin ya kai ga jikin mutum. Amma asibitin da ke kusa da ke suna da na'urar dubawa yau ɗin nan. Wataƙila ba komai ba ne, sai ki yi ta yi mini tsiya har shekara, na yarda. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Tun da Inna ta rasu ke ce uwata.

Baba da Gwaggo suna gaishe ki. Ki gaishe mini da maigidan, da 'yan biyu, da Autanki mai rowar dariya. Hoton ɗigon yana cikin ambulan ɗin nan. Ki sa shi a jakarki, ki mayar mini da shi tare da takardar likita.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai kiwon ɓeraye