Sifikunka da Limamin Gammo

Gammo, ƙasar Kabo
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Abdulmuttalib, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya kare ka a bakin aikinka, ina sanar da kai mu nan kowa lafiya. Na san saƙon haihuwar ya iso maka tun ranar Juma'a. Matarka Ummu Hani tana gidansu a Sabon Birni tana wankan jego, jikinta da ƙarfi. Yaron kuwa na je na gan shi sau uku, har surukaina sun fara yi mini dariya. Shekara tara muna roƙon Allah, ga shi Ya ba mu namiji mai faɗin goshi irin na gidanmu. Ya riƙe mini yatsa ya ƙi saki, na ce masa ya yi a hankali, Gwamma matata ce, ba zan bar masa ita ba. Innar taka tun ranar ba ta zauna ba, ita ce surfe, ita ce aike.

To sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ban yi maka ita ta wayar haya ba, don ba magana ce da zan yi a bakin titi jama'a na saurare ba.

Watan jiya ka aiko da kuɗi da kaset ɗaya, ka ce in saya maka dogayen sifikun nan masu tsayawa a ƙasa kafin ka zo suna, masu sauƙin kuɗi amma masu jure ƙara. Ka ce in ƙwanƙwasa akwatin in ji kaurin katako, in duba bakin takardar da sauti ke fitowa ta cikinta ko ya yage, sannan a sa kaset ɗin a ƙure murya, wadda ta yi karkarwa kada in saya. Duk ka rubuta, abu ɗaya ka bari: ba ka faɗa mini abin da ke cikin kaset ɗin ba. Rubutun jikinsa na Turanci ne, ni kuwa ka san abin da na samu a ajin yamma Hausa ce da lissafi. Da na ji ka ce don suna, sai na ɗauka karatu ne ko wa'azi za ka sa wa baƙi. Me kuma mutum zai ɗauka a wannan lokaci da ko a gidan biki an daina jin kalangu?

Ka san ba na sayen babban abu ni kaɗai. Ko sa zan saya sai na tafi da dattijo ya gani ya sa albarka. Shi ya sa jiya na roƙi Liman Malam Najmuddeen ya raka ni Gwarzo, tunda shi ya zaɓo lasifikar masallacinmu, kuma shi zai raɗa wa ɗanka suna kamar yadda ya raɗa maka. Dattijon ya bar ɗalibansa, ya sa rawani, muka shiga mota.

Mun je shagon wani Lukuman kusa da tasha. Ya fito mana da kala uku. Akwai sababbi masu ƙyalli da fitilu, sun fi araha, amma da na ɗaga ɗaya sai na ji kamar na ɗauki ƙwarya. Akwai na gwanjo daga Turai, baƙaƙe, gefen ɗaya ya ɗan ɓantare, nauyi kamar turmi. Sai waɗanda wani kafinta ya haɗa a nan garin, sun kusa kai mini kafaɗa. Muka ƙwanƙwasa, muka duba takarda, Malam har da sa tabarau. Lukuman ya tada janareta, ya jona su duka a jikin na'ura ɗaya, na miƙa masa kaset na ce ya ƙure kamar yadda mai kaya ya ce. Malam ya gyara zama a kan benci dab da su, ya sunkuyar da kai don sauraron karatu.

Abdulmuttalib, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kamar an zuba duwatsu a injin niƙa, ga wani ƙato yana ihu kamar kunama ta harbe shi. Wai sunansa rok, in ji Lukuman. Na ɗaga hannu ina cewa a kashe, ba mai jin wani, shi kuwa ya zaci cewa nake waɗannan ba su yi ba, sai ya mayar kan na biyu. Na sake ɗaga hannu, ya mayar kan na uku. Kafin in kai ga wayar in fizge, 'yan acaɓa da masu rake sun cika ƙofar shagon suna leƙen limamin Gammo zaune a gaban kiɗa. Wani har ya tambaya ko Malam ne zai buɗe gidan rawa. Malam ya cire tabaraunsa. Ya tashi, ya sa takalmansa, ya hau mota shi kaɗai.

Kafin in dawo gari labari ya riga ni. Bayan la'asar na je na durƙusa a zaurensa da furfurata, na rantse masa rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Ya ce ya yarda da ni, amma ba ni na kunyata shi ba, don haka ba ni zan ba shi haƙuri ba. Ya ce ba zai taka gidanmu ranar Juma'a ba sai wanda ya aiko da kaset ya zo da ƙafarsa ya zauna a gabansa, ya kuma yi alkawarin ba za a ji wannan abu a Gammo ba. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni, fuska a ɗaure, ya ce in dai dole sai an saya, na gwanjon nan su ne ba su yi karkarwa ba, kada in bari a cuci yaro da masu fitilu. Ka ga irin mutumin da ka sa aka yi wa dariya a tasha.

Yau da safe na koma na sayo su, suna ɗakinka an lulluɓe da zane. Ban hana ka jin abinka a can ba, kai ba yaro ba ne, tsakaninka da Ubangijinka. Amma jikana ba za a je wani gari a aro masa limami ba, kamar ɗan da ba shi da dangi. Na ba Yelwa direba takardar nan, ya ce gobe zai damƙa maka. Ka nemi izini a wurin aiki ka taso, Alhamis ta yi maka a Gammo, ka sauka a zauren Malam kafin ka sha ruwan gidanmu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya yi maka huɗuba a kunne. In Alhamis ta wuce ban gan ka ba, zan ɗora sifikun a amalanke in kai masallaci sadaka da sunan yaron, in sake durƙusawa, ko Allah zai sa Malam ya karɓi wannan a madadinka.

Innarka Gwamma tana gaishe ka, ta ce ka taho da man ja. Ƙannenka Naja'atu da Sa'a suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Hambali da iyalinsa, da maigidanka na wurin aiki. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya raya mana abin da Ya ba mu.

Ni ne mahaifinka,
Jibirin na Gammo