Ko Amfilifayar Ce, Ko Kunnena

Greenwood, Mississippi
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Ozella,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sanyin Chicago, yaya kuma gwiwar nan taki? Ina fatan maigidanki da yara duk suna lafiya. Mu nan sai godiyar Ubangiji.

Bayan haka, Yaya, damuwa ce ta sa na ɗauki biro. Amfilifayata, akwatin nan mai ƙara wa gita sauti, ta rage murya. Shekara ashirin da biyu ina kaɗa gita da ita a coci, ban taɓa murɗa ta ta wuce lamba uku ba. Yanzu har shida nake kaiwa, amma ji nake kamar an lulluɓe ta da bargo. Na canza waya. Na wanke ramukan da ake soka wayar. Na zare ƙaramar kwalbar lantarkin da ke cikinta na sa sabuwa, na zauna ina kallon manyan kwalaben biyu suna yin ja kamar kullum. Babu abin da ya canza.

Kada ki yi mini dariya, addu'a nake yi a ce ta lalace. Domin idan lafiyarta ƙalau, to ni ne ba ni da lafiya. Kin tuna Baba bayan ya bar injin gurzar audugan da ya kashe masa kunne, yadda yake zama a wurin cin abinci yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa? Ranar da aka zo gaya masa Kawu Silas ya rasu, murmushi ya yi ya gyaɗa kai. Ni ma shekara goma sha tara na yi a gindin injin nan. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba, kuma ke kaɗai na gaya wa.

Gobe zan kai ta wurin Mista Rudd mai gyaran rediyo.

Ƙanenki,
Lemuel

17 ga Maris

Yaya Ozella,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Albishirinki! An samu abin da ya lalace.

Mista Rudd ya buɗe cikinta, ya cusa hannu ɗaya a aljihu yadda masu sana'ar suke yi don kada wuta ta bi ta ƙirji, ɗaya hannun kuma yana ƙwanƙwasa kayan ciki da tsinken katako. Da na leƙa sai ya ce, "Ja da baya, Lem. Wannan akwatin, ko an zare shi daga bango, zai iya haɗa ka da kakanninka kafin azahar." Can ya gano wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa, ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Saura kaɗan in rungume shi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutumin da kayansa suka ƙone yana washe baki ba, ko dai in je a duba kaina.

Jiya na karɓo ta, har manyan kwalaben ya canza. Ban kunna ba tukuna. Tana nan kusa da ƙofa, ina wucewa ina kallonta. Na ce a bari sai Lahadi.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Lemuel

24 ga Maris

Yayata,

Ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajeriya ce.

Ran Lahadi na kunna ta a lamba uku. Bargon nan yana nan. Na kai biyar, na kai bakwai. Da na ɗaga kai sai na ga tsofaffin matan layin gaba sun toshe kunnuwa, Mama Idella har hularta ta karkace. Junius mai ganga ya daina kiɗa, ya zagayo ta damana ya ce, "Kai Lem, rufin cocin kake son yayewa? Jiya-jiya fa muka gama gyara shi!" Mutane suna ta dariya. Ni ma na yi murmushi na gyaɗa kai, sai na lura da abin da nake yi. Irin na Baba ne sak.

Ran Litinin na koma wurin Mista Rudd da faɗa, na ce aikin banza ya yi mini. Ya karɓe ta ya ɗora a teburinsa. Ya haɗa ta da mitarsa ta auna ƙarfi, ya nuna mini allurar ta tafi har inda ya kamata, ƙarfinta cif kamar sabuwa. Sai ya mayar da ita lamba uku, ya miƙo mini gita ya ce in kaɗa. Na kaɗa. Ina ganin ƙusoshin da ke kan teburinsa suna tsalle, ina jin kiɗan a ƙirjina da tafin ƙafata, amma a kunne kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa.

Ban san ya bar gabana ba sai da ya dafa kafaɗata. Ya ba ni 'yar takarda, ya rubuta: "Ina tsaye a bayanka ta hagu. Sau huɗu na kira sunanka." Yaya, mutumin da ba ya ƙyale kowa da tsiya, ranar ko kallon idona bai iya yi ba. Da kansa ya ɗauki amfilifayar ya kai mini mota.

Zan ga likitan kunne a Jackson ran shida ga Afrilu. Ba zan iya zuwa ni kaɗai ba, ina tsoron ya yi bayani in kasa ji. Ki shigo jirgin ƙasa ki raka ni.

Akwai kuma wani roƙon. Waƙar nan da Mamanmu take yi idan tana soya tarwaɗa, ke kaɗai kika rage da kika riƙe baitocinta, ni kullum cewa nake sai wata rana zan koya. Ki zo ki zauna ta damana, kusa sosai, ki yi ta rera mini har ta zauna a kaina. Kada ki bari sai lokacin zafi yadda kika saba. Kunnen hagu ya riga ya tafi, ban san ko na daman zai jira ba.

Ubangiji ya kawo ki lafiya.

Ni ne ƙanenki mai ƙaunarki,
Lemuel Gatlin